Marigayi Malam Sa'adu Zungur: Mawaƙin da Ya Yi Awo da Mudu Ɗaya

Gabatarwa

Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin wannan mujalla tamu mai albarka, saboda filin da aka ba ni domin in ɗan tofa albarkacin bakina. Na zaɓi in yi magana a kan rayuwar marigayi Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, wanda da yawa daga cikinmu muka fara jin sunansa a ajin Hausa, muka haddace sunayen waƙoƙinsa domin jarrabawa, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Yanzu da girma ya fara kama mu, wasu na riƙe da ofis, wasu na koyarwa, wasu na kasuwanci, ina ganin lokaci ya yi da za mu sake duban mutumin da idon manya.

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Gumel ko ta Maigatari ya san akwai mai awon da ke ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Abin da na fahimta daga tarihin Malam Sa'adu shi ne, mudu ɗaya gare shi. Da shi ya auna Bature, da shi ya auna sarki, da shi ya auna talaka, kuma da shi ya auna abokan tafiyarsa na siyasa. Wannan shi ne abin da nake son in nuna a wannan ɗan rubutu.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Sa'adu a Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato zamanin da Turawa suka haɗe Arewa da Kudu suka zama Nijeriya. Gidansu gidan malamai ne, domin mahaifinsa shi ne Limamin Bauchi. Saboda haka tun yana ƙarami ya sami karatun Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci a gida, ya kuma tashi cikin littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. A lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko, shi an sa shi makarantar lardi ta Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1929. A can ya yi zamani da ɗan garinsu, Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Bai daɗe a can ba ya dawo Arewa, ya shiga makarantar koyon aikin tsabta ta Kano, inda ake horar da duba-gari, kuma ba a jima ba ya zama malami a cikinta. Daga baya aka mai da shi Zariya, ya ci gaba da koyar da ma'aikatan lafiya. A Zariya ya fara tara matasa 'yan boko suna tattauna halin da ƙasa take ciki, a nan kuma shaƙuwarsa da Malam Aminu Kano ta yi ƙarfi. Sai dai a farkon shekarun 1940 ciwon huhu ya kama shi, ya tilasta masa barin aiki ya koma Bauchi. Wannan ciwo bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu lura. Mutumin da ya fito daga gidan liman, ga Larabci, ga Turanci wanda samun irinsa sai an tona a Arewa ta wancan lokaci, ga kuma rashin lafiya, ba wanda zai zarge shi in ya lallaɓa ya raɓi fada ya ci arziki cikin kwanciyar hankali. Hanyar a buɗe take gare shi fiye da kowa. Amma sai ya ɗauki wata hanyar dabam.

Majalisar Taɗi ta Bauchi

A wancan zamani mulkin Arewa yana hannun En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙarƙashin kulawar Razdan da Di'o. Sarki ke da 'yan doka da gidan yari da kotun alƙali da baitulmali, hakimai da dagatai ke tara haraji da jangali. Talakan da aka zalunta sau da yawa ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya zalunce shi. Mu ma nan ƙasar Gumel, ko da yake masarautarmu ta Mangawa ce mai alaƙa da Barno, ba ta cikin daular Sakkwato, wannan tsari ne aka bi da mu a ƙarƙashin Lardin Kano. Wanda duk ya zauna da kakanninsa ya ji labarin yadda magidanci kan sayar da akuya ko hatsin da zai ci da damina domin ya biya haraji, da yadda makiyaya kan tsallaka iyaka da shanunsu in lokacin ƙidayar jangali ya zo.

A 1942 aka kawo Malam Aminu Kano koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su biyun da Malam Sa'adu da wasu ma'aikata suka zama ginshiƙan wani zama da aka riƙa yi da sanin hukuma, wanda aka sani da Majalisar Taɗi ta Bauchi. Turawan mulki da manyan En'e kan halarta. An fara da batutuwa masu sauƙi, amma ba a daɗe ba aka kai ga tambayoyin da ba a saba jin su a bainar jama'a ba, kamar amfanin mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna, da yadda ake yanke albashin sarki. Da abin ya yi zafi sai hukuma ta janye hannunta, zaman ya watse. Su Malam Sa'adu ba su haƙura ba, suka ci gaba da taruwa a ƙarƙashin wata ƙungiya tasu ta neman ci gaban Bauchi, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa. Ya kuma riƙa aika rubuce-rubuce zuwa jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, yana fallasa abubuwan da ake yi wa talakawa.

Tushen da Ya Tsaya a Kai

Masu adawa da shi sun so su nuna cewa boko ne ya lalata shi, ko kuma 'yan Kudu ne ke zuga shi. Wannan zargi bai kama shi ba, domin hujjojinsa daga cikin gida ya ɗebo su. Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya jera halayen mulkin zalunci, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a biya wa mutum bukata. Haka kuma Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga wasu daga cikin mutanen jihadi sun karkata ga tara dukiya da son sarauta, sai ya bar rundunar ya nufi gabas, har ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami domin ya nuna wa shugabanni yadda ake mulki da adalci. Ke nan tsawata wa masu iko da alƙalami tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan.

Abin da Malam Sa'adu ya yi shi ne ya ɗauko wannan ma'auni ya ɗora a kan jikokin masu jihadi. Sarakuna suna alfahari da tutar Shehu, shi kuwa ya tambaye su ko suna riƙe da abin da aka ba da tutar dominsa. Ya zaɓi ya yi haka da rubutacciyar waƙar Hausa, wadda malamai suka daɗe suna wa'azi da ita, ga ma'auni irin na Larabci, ga amsa-amo. Hikimar wannan zaɓi a fili take. Maƙalar Turanci mutum nawa za su karanta ta a Arewar 1940? Amma waƙa, mutum ɗaya ya haddace, sai ta shiga zaure da kasuwa da makarantar allo, ta isa kunnen wanda bai san ko baƙi ɗaya ba.

Waƙoƙinsa Uku

Waƙoƙin da suka fi fito da shi guda uku ne, kuma kowace da wanda ta fuskanta.

Ta farko ita ce Waƙar Bidi'a. Wannan ba sarki ta nufa ba, jama'a ta nufa. A cikinta ya soki camfe-camfe da tsafe-tsafe da al'adun da aka cusa cikin bukukuwa da sauran sha'anin rayuwa, waɗanda ba su da tushe a addini, suna kuma cinye ɗan abin da talaka ya mallaka. Ɗan siyasa mai neman farin jini ba zai fara da faɗa wa magoya bayansa laifinsu ba. Shi kuwa yana ganin wanda jahilci ya ɗaure, ko an kwance masa igiyar hakimi bai kuɓuta ba.

Ta biyu ita ce Maraba da Soja, wadda ya yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila a Habasha da dazuzzukan Bama, an gaya musu cewa domin 'yancin duniya suke zubar da jini. Waƙar ta fara da yi musu barka da zuwa da yaba jaruntakarsu, sa'an nan ta juya ta auna wannan 'yanci da halin da suka dawo suka tarar a gida. Manufarta ita ce, 'yancin da ya bar mutum cikin fatara da tsoro da danniya suna ne kawai. A nan Bature ne aka ɗora a kan sikeli, aka kuma auna shi da maganar bakinsa.

Ta uku, wadda ta fi kowace shahara, ita ce Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Kafin mu fahimce ta sai mun san abin da ya faru da shi tsakanin 1948 da 1950.

Zamansa a Legas da Abin da Ya Biyo Baya

A 1948 Malam Sa'adu ya tafi Legas ya zama sakataren jam'iyyar NCNC na ƙasa baki ɗaya. A idon manyan Arewa na lokacin, wannan kamar sayar da gida ne. Shi kuwa yana ganin korar mulkin mallaka aiki ne da ya fi ƙarfin yanki ɗaya. Duk da haka bai yanke hulɗa da gida ba, domin yana cikin waɗanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su, tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951.

Zaman Legas ya nuna masa wani abin da bai yi masa daɗi ba. Ya ga irin kallon raini da wasu 'yan siyasa da jaridun Kudu ke yi wa Arewa, ya kuma ga tazarar da ke tsakanin yankunan biyu a fannin ilmin zamani. Ya tabbata cewa in Turawa suka tafi a wannan hali, Arewa za ta fita daga hannun wani ubangida ta faɗa hannun wani. Da wannan damuwa ya dawo gida, a cikinta kuma ya yi waƙar, wajen 1950, lokacin da ake ta muhawara a kan sabon tsarin mulki.

Wanda bai karanta waƙar ba zai zaci kira ce a rushe sarauta. Ba haka ba ne. Gargaɗi ce ga sarakuna cewa su gyara tun kafin a gyara su. Ya nuna musu cewa in suna son gadon kakanninsu ya ɗore, sai su rungumi adalci da shawara da ilmi, su yarda da majalisar wakilan jama'a kamar yadda sarautar Ingila ta yi, su kori 'yan fadan da ke rufe musu ido da kirari. Ya jawo hankalinsu ga abin da ya faru a Indiya, inda bayan samun 'yanci a 1947 aka narkar da masarautu fiye da 500 cikin jumhuriya, sarakunan da ake ganin ba mai iya taɓa su suka wayi gari ba su da iko. Ya kuma tsawata wa malamai masu yin shiru saboda abin duniya, da 'yan boko masu kwaikwayo ba tunani.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya, a cikin waƙar akwai kalmomi masu zafi a kan mutanen Kudu, waɗanda mai karatu na yau zai ji sun yi tsauri. Fushi da fargabar wancan lokaci ne suka haife su, kuma bai kamata a ɗauke su a matsayin lasin ƙin wata ƙabila ba, domin mai waƙar da kansa ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan Kudu. Abin lura shi ne, mutumin da ya riƙe babban muƙami a NCNC bai ɓoye aibin da ya gani a tafiyar ba, kamar yadda bai ɓoye na fada ba alhali shi ɗan gidan liman ne.

NEPU da Ƙarshen Rayuwarsa

A ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano domin kare talakawa. Malam Sa'adu ba ya cikin takwas ɗin, amma kowa ya san tunaninsa ne ya share fagen, kuma Malam Aminu Kano, wanda ya zama jagoran jam'iyyar, bai taɓa ɓoye cewa Malam Sa'adu malaminsa ne a siyasa ba. A cikin wannan wata na Agusta ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a yi wa tsarin En'e gyara. Abokan taɗin Bauchi sun yarda akwai cuta, amma sun rabu a kan magani. Ɗaya ya zaɓi gyara daga ciki sannu a hankali, har ya zama Firayim Minista a 1957. Sauran biyun suka tsaya a waje tare da waɗanda ake ɗaurewa da yi wa bulala a kotunan alƙalai saboda katin jam'iyya.

Malam Sa'adu ya ƙarasa shekarunsa a Bauchi, ciwo na cin sa, amma bai daina rubutu da ba da shawara da tsaya wa 'yan NEPU ba. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Janairu na 1958, bai cika shekara 45 ba. Bai ga mulkin kai na Arewa a 1959 ba, bai kuma ga saukar tutar Ingila a 1960 ba.

Abin da Ya Bari

Tarihi ya gaskata gargaɗinsa. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ragowar ikon gudanarwa. A 1979 kuwa, gwamnatin PRP ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Iyayenmu sun ga wannan rana da idonsu. Abin da aka fara da tambaya a zauren taɗi a Bauchi ya ɗauki fiye da shekara 30 kafin ya iso ƙofar gidan manomin ƙasar Gumel, amma ya iso.

A fagen adabi ma ya buɗe ƙofa. Mawaƙan siyasa irin su Malam Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun bi sawunsa wajen mai da waƙa makamin talaka. Daga baya ƙagaggun labarai suka karɓa, kamar Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, batun da mu mazauna bakin iyaka ba baƙonmu ba ne. Malam Aminu Kano ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya fitar da littafi a kan waƙoƙinsa da ra'ayoyinsa a 1974. A yau jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau sunansa take amsawa.

Kammalawa

'Yan'uwa, ga inda maganar ta shafe mu. Ikon da Malam Sa'adu ya yi faɗa a kan yadda ake amfani da shi bai ɓace ba, hannu kawai ya sauya. Ya bar zauren hakimi ya koma sakatariya, ya koma kan teburorin da ni da wasunku muke zaune a bayansu. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kuma san fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Fayil ɗin tsohon malamin firamare da ke bin kuɗin sallamarsa, da takardar manomin da ya zo da ƙorafin gona daga ƙauye, da jerin sunayen waɗanda za a raba wa taki ko a ɗauka aiki, duk a hannun ɗayanmu suke kwana. Gaisuwar da Shehu ya soka fiye da shekara 200 da suka wuce tana nan, suna kawai ta sake. Abu ne mai sauƙi mu zauna a majalisa da yamma mu zagi manyan Abuja, amma awon gaskiya shi ne wanda muke yi da safe a ofis, lokacin da ɗan ajinmu da baƙon da bai san kowa ba suka zo neman abu guda.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya tamu shawara guda biyu. Ta farko, mu sayi littafin waƙoƙin Malam Sa'adu da na tarihinsa mu ajiye a ɗakin karatu na makarantarmu. Ta biyu, mu ɗauki nauyin muhawara sau ɗaya a shekara tsakanin ɗalibai, a bar yara su yi tambaya ba tare da tsoro ba, domin mun ga abin da tambaya ta haifar a Bauchi. Ga malamanmu na Hausa kuwa, waɗanda suka fara karanta mana waɗannan waƙoƙi muna ta hamma a aji, muna roƙon Allah Ya saka muku da alheri, domin shukar da kuka yi ba ta mutu ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin.